Tsatsa da Maganinta: Fentin Hoda da Sauran Rigunan Ƙarfe

Darasi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumomin Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas ƙarfe ya shiga kowane gida. Amalanke ƙarfe ce. Garmar shanu ƙarfe ce. Ƙofar ɗaki, taga, gado, baro, famfon rijiya, injin ban ruwa, babur, duk ƙarfe ne. Babu wanda aka samu kyauta. Wani gyaɗarsa ya sayar, wani raken fadamarsa, wani kuma bijiminsa ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kafin ya mallaki abin.

Dattawa suna tune da lokacin da kayan noman shanu suka yawaita. Cikin shekarun 1970 aka yi shirin raya karkara na 3M, wato Mirya, Magarya da Matamai. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gundumar kanta. Manoma sun karɓi garma da amalanke bashi ta hannun ƙungiyar UNCC. A birnin Damagaram kuma akwai ma'aikatar UCOMA mai ƙera kayan noma. Daga baya masu walda na kasuwanni suka koyi aikin, suka ci gaba da shi.

Amma ƙarfe yana da maƙiyi. Maƙiyin nan ba ya ƙara, ba ya gaggawa, ba ya barci. Sunansa tsatsa. Manomi zai jingine amalankensa bayan ɗaki damina guda, ya dawo ya tarar gindinta ya yi ja. Shekara ta zagayo, ya ɗora buhun gero, sai ƙarfen ya lanƙwashe a tsakiyar hanya. Ga kaya a ƙasa, ga shanu a tsaye, ga kasuwa tana watsewa.

Me ke kawo tsatsa?

Abu biyu ne suke haɗuwa su ci ƙarfe: ruwa da iska. Cikin iskar da ake shaƙa akwai wani sashe da masana ke kira oksijan. Idan danshi ya zauna a kan ƙarfe, oksijan yakan haɗu da ƙarfen, su zama jan gari mai ɓarewa. Wannan jan garin shi ne tsatsa. Ba datti ba ne da ya zo daga waje. Jikin ƙarfen ne da kansa ya koma ƙasa. Duk ɓawon tsatsa da ya faɗi, wani yanki ne na amalanke ya tafi.

Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma. Tana kumbura, tana tsagewa, ruwa ya sami hanyar shiga ciki. Shi ya sa ba ta tsayawa da kanta.

Inda ba danshi, ƙarfe yakan daɗe. Amma ƙasar nan tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, daga watan Yuni zuwa Satumba. A kwarin Korama ruwa yana kusa, fadamu ba sa bushewa da wuri. Albarka ce ga rake da kayan lambu, amma wahala ce ga ƙarfe. Mai lambu a Bande ko Washa ya san yadda ƙafafun injin ban ruwa ke lalacewa idan sun zauna cikin laka.

Akwai kuma masu taimakon tsatsa. Gishiri da kanwa suna ƙara mata sauri ƙwarai. Haka takin zamani, haka takin gida, haka fitsarin dabbobi. To, me amalanke take ɗauka duk shekara in ba waɗannan ba? A kai taki gona da bazara, a bar ragowarsa manne a kusurwa, ruwan farko ya sauka a kai. Nan ne ramin farko yake fitowa.

Maganin tsatsa ɗaya ne: a raba ƙarfe da ruwa da iska. Wato a sa masa riga. Riguna kuwa iri-iri ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen ƙarko.

Kwanon jere ya riga kowa

Mata sun daɗe da sanin wata riga mai kyau. Langa da fanteka da sauran kwanonin jeren amarya, masu zanen fure, cikinsu baƙin ƙarfe ne mai saurin tsatsa. Abin da ke ƙyalli a kansu garin gilashi ne. A masana'anta ake shafa shi a jikin kwanon, a sa cikin tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 800. Garin ya narke, ya game jikin kwanon, ya daskare. Kwano yakan yi shekaru ana zuba masa miya da fura bai yi komai ba.

Amma kowace uwar gida ta san ranar da kwanon ya faɗi a kan dutse. Wuri kaɗan ya ɓantale, baƙi ya fito. Bayan ƴan watanni wurin ya yi ja, daga baya ya huje. Wanda ya gane labarin kwanon jere ya gane rabin darasin nan.

Fentin da ba ruwa ba

Fentin da aka saba gani ruwa ne. Yana zuwa cikin gwangwani, ana tsinka shi da tina ko kananzir, a shafa da buroshi, a bar shi ya sha iska. Warin da ke tashi shi ne ruwan fentin yana tafiya.

Akwai wani fenti da babu ruwa cikinsa ko kaɗan. Busasshen gari ne, ya fi garin tuwo laushi, kamar hodar da mata ke shafawa. Shi ne fentin hoda. Ba gilashi ba ne kamar na kwanon jere. Dangin roba ne. A masana'anta ake haɗa ɗankon roba da launi da wani sinadari mai taurara shi. A narka su tare, a bari su huce su zama kamar faifai, sannan a niƙa.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A 1953 wani Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ya yi rajistar wata dabara: a zuba hodar cikin mazubi, a hura iska daga ƙasa har hodar ta riƙa motsi kamar ruwa yana tafasa, sannan a tsoma ƙarfe mai zafi ciki. Hodar ta narke a jikinsa. A farkon shekarun 1960, a ƙasashen Turai, aka samo hanyar fesa hodar da taimakon lantarki. Wani kamfanin Faransa mai suna SAMES yana cikin na farko da suka ƙera bindigar feshin. Wannan hanya ta biyu ita ta fi yaɗuwa.

Kaya da yawa da ke shigowa daga Kano ko daga ƙasashen waje da wannan fenti suke zuwa: jikin firij, ƙarafan da ke kewaye da janareta, akwatunan lantarki, kabad na ofis, tagogin alminiyon masu launi, wasu kekuna da wasu ƙofofin ƙarfe. Mutane kan ce musu masu fentin kamfani.

Yadda ake yin sa

Aikin hawa uku ne, kuma na farko ya fi sauran muhimmanci.

Hawa na farko shi ne wanki. Sabon ƙarfe yana zuwa da maiƙo da baƙin ɓawo. Tsoho yana da tsatsa da tsohon fenti. Dole a raba shi da su duka. Ana wanke maiƙon da magani. Ana fesa masa yashi ko ƴan tsakuwar ƙarfe da iska mai ƙarfi, har ya yi fari fat, ya ɗan yi kaushi. A manyan masana'antu ana kuma tsoma shi cikin wani ruwan magani mai bar masa shimfiɗa siririya, wadda fenti ke kamawa da kyau. Bayan haka ba a taɓa shi da hannu, don gumin tafin hannu ma yana ɓata aiki.

Hawa na biyu shi ne feshi. A nan ne mai karatu zai yi tambaya: ta yaya busasshen gari zai zauna a jikin ƙarfe ba tare da ruwa ko ƙaro ba? Amsar tana cikin wani abu da yara ke wasa da shi da hunturu. A goga matajin roba a kai ko a jikin bargo, a kai shi kusa da ƴan gutsattsarin takarda ko ƙaiƙayi. Sai su yi tsalle su manne masa. Wani lokaci da dare, in an yaye bargo, akan ji ƙas-ƙas, a ga ɗan walƙiya. Wannan lantarki ne mai kwanciya a jikin abu. Kowace cibiya tana iya gwada shi yau, da mataji da takarda.

Bindigar feshi tana yin haka ga hodar. Iska ce ke tura hodar, a bakin bindigar kuma akwai wata ƴar allura da ke ɗora wa kowace ƙwaya lantarki. Shi kuma ƙarfen an rataye shi a ƙugiya, an haɗa shi da ƙasa da waya. Sai ya riƙa jan hodar kamar yadda mataji ya ja takarda. Hodar takan zagaya har bayan bututu ta manne. Wadda ta zuba ƙasa ba ta lalace ba, ana tattara ta a sake fesawa. A fentin ruwa kuwa, abin da ya ɗiga ya tafi ke nan.

A wannan lokaci hodar ba ta kama ba tukuna. In aka sa yatsa, sai ta goge.

Hawa na uku shi ne gashi. A tura ƙarfen cikin tanderu, zafi ya kai digiri 180 zuwa 200. Don a gane: ruwa yana tafasa a digiri 100, zafin bazara mai tsanani kuma bai wuce arba'in da ƴan kai ba. Ana ƙirga minti 10 zuwa 20 daga lokacin da ƙarfen kansa ya ɗauki zafin. Ƙarfe mai kauri ya fi daɗewa kafin ya ɗauka. Hodar ta narke, ta malale, ta game ko'ina, sannan ta taurare. Irin hodar da aka fi amfani da ita, in ta gasu ba ta sake narkewa. Kamar tukunyar ƙasa ce: ɗanya tana komawa yumɓu, gasassa ba ta komawa.

Da ƙarfen ya huce, aiki ya ƙare. Ba jiran kwana biyu, ba ƙura mai mannewa, ba wari. Kaurin rigar kusan kaurin gashin kai guda ne, ko ya ɗan fi. Milimita ɗaya in aka raba ta goma, kashi ɗaya ke nan ko ƙasa da haka. Abin mamaki ne riga siririya haka ta tsare ƙarfe shekara da shekaru, amma tana yi.

Inda ya fi, da inda ya kasa

Fentin hoda ya fi fentin buroshi tauri. Yana jure gugar hannu, da karo, da wanki. Ba ya zubar hawaye a jikin ƙofa. Shafa ɗaya tana ba da kaurin da fentin ruwa sai an yi biyu ko uku. Ma'aikaci kuma ba ya shaƙar tina, ko da yake dole ya rufe hanci saboda ƙurar hodar.

Sai dai ɗan kasuwa ba zai faɗi aibinsa ba, don haka ga shi.

Aikin yana son wutar lantarki tsayayya, da injin matsa iska, da bindiga, da tanderun da kayan zai shiga ciki gaba ɗaya. Ba aikin gindin bishiya ba ne. Katako, taya, roba, da ƙarafa masu giris a ciki ba sa shiga tanderu, sai an kwance su.

Idan ba a wanke ƙarfen da kyau ba, fentin hoda ya fi na ruwa yaudara. Daga waje sumul, yana ƙyalli. Daga ciki tsatsa tana tafiya ƙarƙashinsa, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya. Ranar da abin zai bayyana, sai fentin ya ɗago fale-fale kamar ɓawon rogo, a ga ƙarfen ya riga ya tafi. Mai saye ya biya kuɗin riga, bai sami riga ba.

Ko an yi aikin da kyau, in dutse ko guduma ta ɓantale wani wuri, labarin kwanon jere ne zai maimaitu. Ruwa ya shiga ta ƙofar, ya bi ƙarƙashi. Kuma ba a iya mayar da hoda a gida. Sai dai a toshe wurin da fentin ruwa, da wuri.

Bakin ƙarfe mai kaifi da lungu mai zurfi ba sa samun hoda sosai. Nan ne tsatsa ke fara leƙowa.

Hodar ma iri-iri ce. Akwai mai suna efoksi. Tana kama ƙarfe da ƙarfi, tana jure magunguna, amma rana tana cin ta: launinta ya kwanta, ta riƙa barin farin gari a hannu kamar alli. Ta cikin ɗaki ce. Akwai mai suna foliyesta, ita ce ke jure rana. A ƙasar da rana ke dukan ƙofa wata goma sha biyu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar da za ta yi odar kaya masu zama a waje, ta rubuta sunan foliyesta cikin takardar ciniki.

Wuta kuma tana ƙona shi. Bai dace da murhu ba, in ba iri na musamman ba. Walda tana cinye shi a inda aka yi ta. Bakin garma da na hauya kuwa, ɓata kuɗi ne a yi musu kowane irin fenti, don yashin jigawa zai goge shi kafin a kai ƙarshen kunya.

Rigar tutiya

Akwai wata riga da ta fi dacewa da wurin danshi. Ita ce wadda ke jikin kwanon rufi da bokitin ƙarfe da wasu bututun rijiya. Ana tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450. Ya fito fari-fari, wani lokaci da zane kamar sawun kaza.

Tutiya tana da wata baiwa da fenti ba shi da ita. In aka karce ta, ƙarfe ya fito, tutiyar da ke gefen wurin ita ce ke fara lalacewa, ta bar ƙarfen lafiya. Sai ta ƙare sannan tsatsa ta samu shiga. Shi ya sa kwanon rufi mai tutiya da kauri ya fi mai araha daɗewa, ko da a ido kamarsu ɗaya ranar saye.

Ita ma tana da iyaka. Inda ruwan rijiya yake da tsami, yana cin tutiyar bututu. Alamarsa, ruwan farko na safe ya fito ja, yana ɗanɗanon ƙarfe, yana ɓata wanki. Kwamitin famfo ya kai maganar ga ma'aikatan ruwa tun bututu bai tsinke cikin rijiya ba. A irin wannan wuri bututun roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi. Famfon ƙafa na Vergnet, wanda aka sani a ƙauyukan Nijar, bututunsa na roba ne.

Riga mafi ƙarko ita ce biyun a haɗe: tutiya a ƙasa, fentin hoda a sama. Tana da tsada, amma ga ƙarfen da zai zauna a fili shekaru, kamar turakun farantan sola, ita ce ta cancanta.

A kasuwa

Mai saye ba shi da na'ura. Yana da ido da hannu da hanci, kuma sun isa.

Ya shafa jikin kayan. Fentin hoda sumul yake, ko da ɗan kaushi daidai-wa-daida kamar ɓawon lemo. Ba shi da sawun buroshi, ba shi da hawaye. Ya danna farce a wani ɓoyayyen wuri: gasasshen fenti ba ya lotsawa. Ya sansana: sabon fentin ruwa yana warin tina. Ya nemi ɗan tabon da ƙugiya ta bari inda aka rataye kayan, don sau da yawa yana nan a gefe.

Sannan ya juya kayan. Gaba kowa yana gyara shi. Gaskiya tana ƙarƙashi, da bakin ƙarfe, da wurin walda. In ya ga ƙuraje a jikin fenti, ko jan hawaye yana fitowa daga lungu, tsatsa ta riga shi zuwa. Ya rage kuɗi ko ya wuce gaba.

In wajen mai walda zai ba da aikin ƙofa ko amalanke, ya yi magana tun ba a fara ba, cikin mutunci: "Maigida, don Allah a kankare mini ita, a sa jan fenti a ƙasa. Zan zo in gani kafin a sa na sama." Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan. Zai ce kuɗin ya ƙaru kaɗan, kuma gaskiyarsa ne, don kankara aiki ce, jan fenti kuma saye ake yi. Mai neman araha ƙwarai shi ke tura mai walda ya watsa shuɗin fenti kan tsatsa.

Abin da ake iya yi a gida

Ba kowa zai sami fentin kamfani ba. Amma sirrin masana'anta ba tanderu kaɗai ba ne. Babban sirrin wanki ne, kuma wannan yana hannun kowa, daga Sasumburum har Dogo-Dogo.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, a share amalanke, a wanke ragowar taki, a bari ta bushe sarai. A kankare tsatsa da buroshin waya ko takardar yashi, har ƙarfe ya fito. A goge maiƙo da tsumma da ɗan kananzir. A ranar nan, ba gobe ba, a shafa jan fentin hana tsatsa, wanda masu shago ke kira antiruyi. Ƙarfen da aka kankare aka bari ya kwana cikin raɓa ya koma gidan jiya. In jan ya bushe, a sa fentin sama sau biyu, siriri-siriri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

A yi aikin a inuwa, da safe, ranar da ba iska. Ƙarfen da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama. Ƙurar hunturu kuma tana mannewa.

Bakin garma, hauya, lauje da gatari, mai ake shafa musu in an gama aiki, a rataye su, kada su kwanta a ƙasa. Baƙin man inji yana hana tsatsa, amma guba ne. Kada ya taɓa abin da ke taɓa abinci, kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya, musamman a fadama inda ruwa yake kusa. Amalanke ta kwana ƙarƙashin rumfa, a ɗan karkace ta don ruwa ya zube. Gindin ƙofa kada ya nutse cikin ƙasa. Buhun takin zamani kada ya jingina da ƙarfe.

Kayan da ke da fentin hoda, in sun ɓantale, a kankare wurin har inda fentin yake manne da kyau, a sa ja, a sa na sama. Launin ba zai zo ɗaya ba. Ba komai.

Lafiyar mai aiki da ta yara

Mai walda kada ya ɗora wuta kan fenti ko kan tutiya. Ya fara kankare wurin. Hayaƙin tutiya fari ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, har mutum ya zaci cizon sauro ne. A yi walda a fili, iska tana kore hayaƙin daga fuska.

Wasu fenti, musamman tsofaffi masu launin ja da rawaya, suna da dalma a ciki, irin wadda ke cikin batirin mota. Ƙurarta tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba a ganin ta. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa cikin gidaje, ba daga fenti ba. Amma dalma ɗaya ce. Don haka ba a kankare tsohon fenti a tsakar gida, ko kusa da turmi da murhu. A ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a rufe hanci da baki, a kori yara da mata masu ciki daga wurin. In an gama a tattara ƙurar a binne nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Gwangwanin fenti kuma ba ya zama moɗa ko mazubin mai.

Lissafi

Kuɗin da ke nan misali ne don koyon lissafi. Kowace cibiya ta sake yin sa da farashin kasuwarta.

A ce manomi biyu sun sayi ƙofar ƙarfe. Na farko ya biya jika 30, an watsa mata fenti kan tsatsa, ta yi shekara 5 gindinta ya cinye. Na biyu ya biya jika 36, an kankare ta an sa ja a ƙasa. Kowace shekara 3 yana kashe jika 2 wajen sabunta fenti, har sau 4. Ƙofarsa ta yi shekara 15.

Ƙofa nawa na farko zai saya cikin shekara 15, kuma jika nawa zai kashe? Jika nawa na biyu ya kashe gaba ɗaya? A rubuta bambancin a kan allo, da jika, sannan da dala.